Mota ta yi karo: gyaran kwana huɗu ko na mako uku?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gyaran jikin mota, domin tun ranar Talata nake cikin ruɗani. Wata motar ɗaukar kaya ta shigo mini a mahaɗar hanya, ta bugi gaban motata ta ɓangaren direba. Alhamdu lillahi babu wanda ya ji rauni, jakar iska ma ba ta fashe ba, amma bamba ta tsage, fitila ta farfashe, bonet ya lanƙwashe har ya ɗan tashi ta tsakiya, madigadi kuma ya lotsa. Abin da na lura da shi daga baya shi ne, idan an buɗe ƙofar direba tana gogar madigadi har ta yi ƙara, alhali babu abin da ya taɓa ƙofar. Na kai motar gareji biyu. Mai garejin farko ya zagaya ta sau ɗaya, ya shafa hannu a wurin lotsawar, ya ce in ba shi kwana huɗu zai mayar da ita sabuwa. Na biyu ya ƙi yanke mini kuɗi, ya ce sai ya kwance gaban gaba ɗaya ya ɗora ta a kan teburin awo, kuma aikin yana iya kaiwa mako uku. Zuciyata ta fi karkata ga na farko, domin da motar nake kai yara makaranta. Shin na biyun dogon Turanci yake yi don ya ja kuɗi, ko kuwa akwai abin da ya hango?

Direban Dogon Zango:
Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya tsare gaba. Shawarata ki ba na farko. Na shekara fiye da ashirin a kan hanya, kuma na ga motocin da suka yi raga-raga an buga su sun koma aiki. Mota ƙarfe ce, ƙarfe kuwa wuta da guduma ne maganinsa. Tun da injin yana tashi kuma ba ta zubar da ruwa, sauran kwalliya ce kawai. Ƙofar da kike magana a kanta, a sassauta notin hinji a ɗan matsar da ita baya, shi ke nan.

Tsohon Fanal Bita:
Hajiya, sannu da arziki. Malam Direba, ka yi haƙuri, a kan maganar ƙofar nan ba zan bi ka ba, domin ita ce ma babbar shaida a duk bayanin da Hajiya ta yi. Ƙofar da ba a buga ba ba ta fara gogar madigadi haka kawai. Ko dai madigadin ne aka turo baya, wanda wannan mai sauƙi ne, ko kuwa ƙarfen da madigadin yake zaune a kansa ne ya matsa, wataƙila har da ginshiƙin da ƙofar take rataye a jikinsa. Babu mai iya bambance waɗannan biyun daga tsaye, ko da ya shekara arba'in a sana'ar.

Duk karon da mota ta yi yana barin ɓarna iri biyu. Akwai ta wurin da aka buga, wadda kowa yake gani, akwai kuma wadda ƙarfin bugun ya bi ta cikin jiki ya je ya yi a wani wuri mai nisa. A bayan bamba akwai wani ƙarfe a kwance, shi kuma yana ɗaure ne a bakin wasu ƙarafa biyu da suka miƙe ta hagu da dama na injin, waɗanda muke kira ƙafafun shasi. Idan bugu ya zo ta kusurwa, ƙafa ɗaya takan koma baya ko ta karkata gefe, ta ja 'yar'uwarta ta biyo ta. Ki fita yanzu ki duba mini abu uku. Ki kwatanta ratar da ke tsakanin taya da madigadi ta hagu da ta dama, ko da da yatsunki ne. Ki duba ratar da ke tsakanin bonet da madigadin da ba a buga ba, ko ta buɗe ta gaba ta matse ta baya. Sannan ki tsaya ta gefe inda haske yake kwanciya a kan rufin motar, ki ga ko akwai ɗan lotsawa kamar an danna da babban yatsa a saman ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya.

Uwar Biyu:
Baba, na duba. Ta dama yatsuna huɗu suna shiga tsakanin taya da bayan madigadi, ta hagu uku ne da ƙyar. Ratar bonet ta dama ta buɗe ta gaba kamar yadda ka ce. Rufin dai ban ga komai a kansa ba.

Tsohon Fanal Bita:
To, alhamdu lillahi da rufin bai nuna ba, ke nan da alama bugun bai kai ɗakin fasinja ba. Amma tayar hagu ta koma baya, gaban kuma ya karkata. Wannan ba aikin kwana huɗu ba ne.

Injiniya:
Ina goyon bayan Baba, kuma ina so in ƙara dalilin da ya sa maganar Malam Direba gaskiya ce a kan wasu motoci amma ba ta hau wannan ba. Manyan motoci da yawancin motocin ɗaukar kaya suna da shasi daban, wasu dogayen ƙarafa masu kauri kamar tsani, jikin kuma ɗora shi ake yi a kai a ɗaure da noti. Ƙaramar mota ta zamani ba haka take ba, jikin da shasin abu ɗaya ne, faranti ne siriri aka lanƙwasa aka haɗa da ɗigon walda dubbai. Kamfanin Citroën na Faransa ya fara ƙera irin wannan jiki da yawa tun 1934, yau kuma kusan duk ƙananan motoci haka suke. Ma'anar wannan ita ce, wurin da aka ɗaure shokozoba da ƙafar taya da injin duk jikin motar ne, don haka idan jiki ya goce, taya ma ta goce, kuma mai alaimen, wato mai saita tayoyi, ba zai iya dawo da ita ba komai juya notin da ya yi. Shi ya sa ake ganin mota bayan gyara tana cin taya ta gefe guda, ko tana janye sitiyari, ko tana tafiya a karkace kamar kaguwa.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci. Da gangan aka yi gaban mota don ya murƙushe. Wani injiniyan Mercedes mai suna Béla Barényi ne ya yi rajistar wannan dabara a 1952, kamfanin kuma ya fitar da mota mai ita a 1959. Ƙafafun shasin nan an yi musu wasu 'yan kwarmi a wurare sanannu don su naɗe a hankali, su shanye ƙarfin bugun kafin ya isa ga mutanen da ke ciki. Wato gaban motar Hajiya ya yi aikinsa a ranar Talata. Tambayar da ke gabanmu ita ce ko zai iya sake yin wannan aikin idan wani tsautsayin ya zo, kuma ƙyallin fenti ba ya ba da amsar wannan.

Direban Dogon Zango:
Injiniya, na ji bayaninka, amma ni da idona na ga an ɗaura sarƙa a gaban mota an ɗaure a jikin bishiya, an ja da baya har ta miƙe, kuma motar ta ƙara shekaru tana aiki. Mene ne bambancin wannan da teburin da ake faɗa, in ban da tsada?

Tsohon Fanal Bita:
Malam Direba, ni ma na yi wannan aikin da ƙuruciya, ba zan ɓoye ba. Bambancin shi ne bishiya ba ta da awo. Kana ja ne har idonka ya ce ya isa, kuma yayin da kake jan gaba, babu abin da ya riƙe tsakiyar motar, don haka kana iya miƙar da wuri ɗaya ka buɗe wani.

A kan tebur, abu na farko shi ne a damƙe motar ta wuri huɗu a haɓar ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, ta yadda tsakiyarta ba za ta motsa ko kaɗan ba. Sai a auna. Kowace mota tana da takardar awonta daga kamfani, mai nuna nisan wasu ramuka da kan noti da ke ƙarƙashinta, a tsawo da faɗi da tsayi. Wasu garejin suna da na'ura mai haɗe da kwamfuta, wasu sanda ce mai tsinke biyu, kuma ko da sandar ce, idan ka auna daga kusurwar hagu ta baya zuwa ta dama ta gaba, ka sake aunawa a gicciye, bambancin zai gaya maka inda gaban ya karkata. Abin da aka saba yarda da shi bai wuce milimita 3 ba. Bayan nan sai a kama ƙarfen da ya lanƙwashe da maƙala, a sa sarƙa, hasumiyar haidirolik ta ja. Ana ja ne ta hanyar da bugun ya shigo amma a juye, kuma ɓarnar da ta faru a ƙarshe ita ake fara warwarewa. Ba a yi da garaje. Ka ja kaɗan, ka bubbuga gefen lanƙwasar da guduma don ƙarfen ya saki jiki, ka sassauta, ka auna, ka sake. Dole ka ɗan wuce awon, saboda ƙarfe yana komawa baya kaɗan idan an sake shi. Wani abin da yara suke kuskurewa shi ne saurin yanke ƙarfen da ya lalace. Ko da za ka jefar da shi, ka fara ja da shi tukuna, domin shi ne igiyar da za ta dawo da na bayansa wurinsa.

Yaron Gareji:
Baba, ina da tambaya, shekarata biyu ina koyon aiki. Ogana idan ƙafar shasi ta ƙi miƙewa yakan sa mata wutar gas har ta yi ja, sai ta biyo sarƙa cikin sauƙi. Ni a ganina dabara ce mai kyau. Akwai laifi a ciki?

Injiniya:
Ƙanena, bari in riga Baba. Akwai laifi babba a motocin yanzu. Farantin da aka saba da shi a da, ƙarfinsa yana wajen megafaskal 270 a ma'aunin ƙarfin ƙarfe, kuma wuta ba ta rage masa abin kirki. Yanzu ginshiƙan ƙofa da ƙarfen bayan bamba da wasu sassan shasi ana yin su da ƙarfe mai sinadarin boron wanda yake kaiwa megafaskal 1,500, wato ya ninka wancan fiye da sau biyar. Wannan ƙarfin daga wuta ya same shi, an gasa shi a masana'anta an sanyaya shi farat ɗaya a cikin mazubi. Idan ka sake gasa shi da wutar gas, wadda zafinta ya haura digiri 3,000, ka warware abin da aka yi masa. Zai miƙe, zai yi kyau a ido, amma ya zama ƙarfen banza, kuma babu mai ganewa sai ranar da aka sake bugunsa. Irin wannan ƙarfe ba a miƙar da shi ko da a sanyi, tsagewa yake yi, canja shi ake yi. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce, abin da ya lanƙwashe a hankali ana iya gyara shi, abin da ya karye ya yi kaifin baki kamar an ninke takarda sai canji.

Tsohon Fanal Bita:
Ɗana, ka riƙe abin da Injiniya ya gaya maka a kan shasi da ginshiƙi, amma kada ka je ka yi wa oganka rashin kunya, ka tambaye shi cikin ladabi. Sai dai Injiniya, ina da ƙorafi a kanku masu littafi. Kun sa yaran yanzu sun zama masu kwance noti kawai, kome aka kawo sai su ce a sayo sabo. Madigadi ko fatar ƙofa da ta lotsa, in dai fenti ne kawai ya fashe kuma ƙarfen bai yage ba, mai hannu yana dawo da ita da guduma da ƙarfen tokara ta baya, yana bi daga gefen lotsawar zuwa tsakiya. Inda hannu ba ya shiga, a ɗiga mata 'yan ƙusoshi da walda a ja ta waje. Inda ƙarfen ya miƙe ya yi tumbi yana ɓal-ɓal idan an danna, ɗan zafi kamar girman kwabo a wurin, a bubbuga a sanyaya, sai ya tsuke. Fatar asali da aka gyara da kyau ta fi ta kwaikwayo da ba ta zauna daidai ba, wadda za ka wuni kana faɗaɗa ramukan noti don ta shiga.

Injiniya:
Baba, a kan fatar waje na sallama maka, kuma aikin hannu irin naku ba a samunsa a littafi. Inda ba na sassautawa shi ne yadda ake haɗa sabon ƙarfe da tsoho. Kamfani yana faɗin inda aka yarda a yanka, da irin waldar da za a yi, da adadin ɗigon. Wani wuri waldar matsi ce mai baki biyu irin ta masana'anta, wani wuri a huda rami na milimita 8 a cike shi da walda, wani wuri gam ne da ƙusar rifit, musamman a jikin alminiyum irin na Audi A8 tun 1994 ko Ford F-150 tun 2015. Alminiyum ma fitinarsa daban ce, yana narkewa a digiri 660 ba tare da ya yi ja ya gargaɗe ka ba, kuma idan ƙurar baƙin ƙarfe ta hau shi tana cinye shi, shi ya sa ake ware masa kayan aiki.

Akwai shari'ar da aka yi a Dallas ta jihar Texas a Amurka a 2017 da ta girgiza masu wannan sana'a. Wata Honda Fit ce ƙirar 2010 ƙanƙara ta lalata mata rufi, garejin da ya canja rufin ya manna shi da gam maimakon ɗigon walda da kamfanin ya tanada. Motar ta yi kyau, aka sayar da ita, waɗanda suka saya ba su san an taɓa ta ba. Da suka yi karo, rufin ya rabu, jikin ya murƙushe, motar ta kama wuta da su a ciki, suka tsira da munanan raunuka. Masu taya alƙali yanke hukunci suka ƙiyasta diyyar dala miliyan 42, suka ɗora wa garejin kashi 75 cikin 100 na laifin.

Ma'aikacin Inshora:
Hajiya, ni ta fuskar takarda zan yi magana. Ƙin yanke miki kuɗi da na biyu ya yi ba alamar cuta ba ce, haka aikin yake tafiya. Ƙiyasin farko na abin da ido ya gani ne, bayan an kwance kuma sai a rubuta ƙari, domin a bayan bamba akwai lagireto da na'urar sanyaya iskar mota da fanka da maƙalan fitila da wayoyi, kuma da wuya a buɗe a tarar duk lafiya. Wanda ya yanke kuɗi kafin ya buɗe, idan ya tarar da ɓarna, ko dai ya dawo ya ce ki ƙara, ko ya rufe ta ya yi shiru don kada ya yi asara. Idan kina da inshora ko wanda ya buge ki yana da ita, kada a taɓa motar sai mai duba ɓarna ya gani ya ɗauki hoto. Idan kuɗin gyara ya kusa darajar motar, kamfani yakan ce ta tashi daga aiki ya biya darajarta, iyakar kuwa ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa da kamfani zuwa kamfani.

Ki nemi a rubuta miki kowane kaya da irinsa, na asali ne daga kamfanin motar, ko na wani kamfani ne da ya kwaikwaya, ko na hannu ne da aka ciro daga wata motar. Na hannu ba aibu ba ne a bonet ko ƙofa ko fitila. Amma jakar iska da bel ɗin kujera da ƙarfen bayan bamba, ni ba zan sa wanda ban san tarihinsa ba. Kamfanonin inshora na Ingila da kansu suka kafa cibiyar Thatcham a 1969 don binciken hanyoyin gyara, a Amurka kuma akwai I-CAR tun 1979 mai horar da masu aikin, saboda gyaran da aka yi ba daidai ba kowa yake jawo wa asara.

Mai Fenti:
Tun ɗazu ana ta ambaton fenti kamar shi ne mai laifi, bari in kare sana'ata. Fenti ba ya ɓoye komai, tona asiri yake yi, sai dai yakan ɗauki wata uku ko shida kafin ya yi magana. Abin da ke ɓoye ɓarna fila ce. An yi ta ne don cike 'yan ƙananan ramukan da guduma ta bari, kaurin milimita 2 ko 3, in ta yi yawa ƙwarai 6. Mai gaggawa kuwa ba ya buga ƙarfen ya dawo, sai ya yaɓa ta kamar mai yaɓen ɗaki ya sassaƙa siffar madigadi da ita. Na taɓa kankare wata ƙofa da aka kawo mini tana tsagewa, na tarar da fila mai kaurin yatsa, a ƙarƙashinta kuma tsatsa ta ci ƙarfen har ya huje, domin fila tana shan ruwa kuma an goge ta da samfefa mai ruwa.

Aikin ƙa'ida yana da matakai da ba a tsallakewa. A kankare zuwa ƙarfe, a shafa fila da hadina, wato sinadarin da ke busar da ita, daidai gwargwado, kusan kashi 2 cikin 100, domin in ta yi yawa tana ɓata launi daga baya, in ta yi kaɗan ba ta bushewa. A goge da samfefa mai kaushi lamba 80, a bi da 180, a bi da 320, kowace tana share shatin ta gabanta. A fesa firaima, a barbaɗa baƙar hoda a kai a sake gogewa da katako mai faɗi, duk inda baƙin ya maƙale rami ne, duk inda ƙarfe ya leƙo tudu ne. Sannan launi, sannan kiliya mai ƙyalli a sama. A ɗakin fenti ana gasawa a wajen digiri 60 na kimanin rabin awa, kuma amfanin ɗakin ba zafi kaɗai ba ne, yana tace ƙura. Ɗigon mai ko man goge dashbod a jikin ƙarfe yana sa fenti ya yi 'yan ramuka kamar idon kifi.

Launi kuma shi ne inda ake gane gwani. Kowace mota tana da lambar fentinta a jikin ginshiƙin ƙofa ko ƙarƙashin bonet, amma lamba ɗaya tana da 'yan'uwa masu ɗan bambanci, ga kuma rana da ta riga ta ci na jikin motar. Sai an fesa a ɗan faranti an kai shi rana an kara da motar. Hajiya, wane launi ce motarki?

Uwar Biyu:
Ruwan azurfa ce, Malam, mai ɗan ƙyalƙyali.

Mai Fenti:
To, kin samo mai wuyar. Irin wannan fenti yana da 'yan ɓarɓashin alminiyum a ciki, kuma yadda suka kwanta ya danganta da iskar bindiga da nisan hannu, don haka gwangwani ɗaya yana iya ba da launi biyu. Idan aka fesa madigadi aka tsaya a bakin ƙofa, za ki ga bambanci daga nesa. Dole a shigar da launin cikin ƙofar yana raguwa a hankali, sannan a rufe ƙofar duka da kiliya. Idan kin ga an rubuta fentin ƙofa a takarda alhali ba a buge ta ba, dalilin ke nan, ba cuta ba ce. Ranar karɓa kada ki karɓa da dare ko a cikin rumfa. Kai kuma yaron gareji, hadinar kiliya tana da gubar da ke jawo asma, ƙyallen da kuke ɗaurawa a hanci ba ya tare ta.

Direban Dogon Zango:
Malam Mai Fenti, a nan kam ka taɓo ni. Na taɓa sayen ƙaramar mota tana sheƙi, bayan damina ɗaya gefenta ya fara tsattsagewa kamar busasshiyar ƙasa. Da na san a kara maganaɗisu a jiki, da ban saya ba. Amma har yanzu ina ganin mako uku ya yi yawa ga mai kai yara makaranta.

Mai Fenti:
Maganaɗisu yana taimakawa a jikin baƙin ƙarfe, inda fila ta yi kauri ba ya kamawa sosai. Akwai kuma 'yar na'urar auna kaurin fenti. Na kamfani yakan tsaya tsakanin milimita 0.1 da 0.2, in ka ga ta nuna milimita guda ka san akwai labari. Mako ukun kuwa, rabinsa jiran kaya ne, ba aiki ba.

Mai Wayarin:
Saura ɓangarena, wanda aka fi mantawa da shi. Kafin a kunna walda a jikin mota a cire kan batir, a kuma maƙala wayar ƙasa kusa da inda ake aiki, in ba haka ba wutar tana bi ta cikin kwamfutocin motar ta ƙona su. Hajiya, rashin fashewar jakar iska ba ya nufin na'urorinta lafiya suke. Akwai sansar karo, wato 'yar na'urar da ke jin bugu, a gaba kusa da lagireto, daidai inda aka buge ki, kuma bel yana da abin da ke fizge shi ya tsuke a lokacin karo, wanda yake iya tashi ko da jakar ba ta fito ba, kuma sau ɗaya yake aiki. A sa na'ura a karanta kwamfutar kafin gyara da bayansa. Idan kin murɗa makulli, fitilar jakar iska ta kama na 'yan daƙiƙoƙi sannan ta mutu. Idan ta zauna a kunne akwai matsala, idan kuma ba ta kama ba sam, wani ya cire ƙwan ko ya rufe shi. Na sha buɗe sitiyari in tarar da tsumma a wurin jaka, an sa ɗan resista don kwamfuta ta ɗauka tana nan.

Idan motar tana da rada a bayan tambarin gaba ko kyamara a saman gilashi, irin masu taka birki da kansu, sai an sake saita su bayan an mayar da bamba. Kuskuren karkata na digiri 1 kacal yana zama kusan mita 1.7 a nisan mita 100, wato tana iya kallon motar da ke ɗaya layin ta ɗauka a gabanta take. Motar lantarki ko mai haɗin batir da fetur kuma, wayoyinta masu ruwan lemo ba a taɓa su sai wanda aka horar.

Tsohon Fanal Bita:
Abu ɗaya zan ƙara kafin in tashi. Duk inda walda ta taɓa, ta ƙone rigar da kamfani ya yi wa ƙarfen ciki da waje. Wajen zai sami fenti, cikin kuwa babu mai gani. A tabbata an shafa abin toshe haɗi a bakin waldar, an kuma fesa kakin hana tsatsa a cikin ƙafar shasin, in ba haka ba daga ciki za ta fara ruɓewa.

Uwar Biyu:
Jama'a, na dawo da labari bayan kwana tara. Na bar motar a gareji na biyu, kuma da suka kwance sun kira ni na je na gani da idona. Ƙarfen bayan bamba ya karye ta hagu, bakin ƙafar shasin ya naɗe kamar an taka gwangwani, awo kuma ya nuna ta koma baya da milimita 11, gaban duka ya karkata dama da milimita 7. Na'urar sanyaya iska ta huje, sansar karo ta tsage, amma lagireto da bel sun tsira. Sun ja ta a kan tebur, kuma abin mamaki tun kafin a taɓa hinji ƙofar ta daina gogawa. Bakin ƙafar shasin za su yanke shi a inda takardar kamfani ta nuna su sa sabo. Jiya na tarar sun ɗora bonet da madigadi da fitila da 'yan noti kaɗan suna duba rata, suka ce sai komai ya zauna sannan za su yi walda. Bonet na hannu na zaɓa, madigadin kuma mai garejin ya ce zai buga na asalin, Baba, na san wannan zai yi maka daɗi. Na roƙi a ba ni takardar awo ta kafin gyara da ta bayansa, da ta alaimen, sun amince.

Malam Mai Fenti, sun ce ranar Litinin za ta shiga ɗakin fenti. Yaushe zan iya wanke ta bayan na karɓa?

Mai Fenti:
Wanki da ruwa da sabulun mota da tsumma mai laushi babu laifi bayan 'yan kwanaki, Hajiya. Man ƙyalli ne za ki dakata da shi wata ɗaya zuwa uku, gwargwadon abin da mai fentin ya gaya miki, domin tina, wato ruwan da ake sirka fenti da shi, tana ci gaba da fita daga cikin fentin ko bayan an gasa shi. Kashin tsuntsu kuma kada ki bar shi ya kwana a kai, yana cin sabuwar kiliya da sauri. Ki ce su ajiye miki ɗan farantin gwajin launin da lambar haɗin a bayansa.